Jinin Yaro da Jinin Dattijo

A wani ƙauye da ke tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa akwai wani dattijo manomin albasa, wanda yara da manya suke kira Mai Lambu. Sau biyu ya ga jini cikin fitsarinsa. Na fari yana ɗan shekara tara ko goma, na biyu kuwa yana da shekara 56. A karo na fari dariya aka yi. Na biyun shi ne ya raba shi da mafitsararsa, saura kaɗan ya raba shi da ransa.

Akwai tafki a bayan garinsu, wanda yakan cika da damina ya riƙe ruwa har tsakiyar rani. Sa'ad da yake yaro, shi da sa'o'insa sukan kora awaki can, in rana ta take sai su tuɓe su faɗa ruwa. Babu ko ɗaya a cikinsu da bai yi tsargiya ba. Yaro yakan yi fitsari, a ƙarshensa sai ɗigon jini biyu ko uku su biyo baya, da ɗan zafi. Har gasa suke yi, a ga na wa ya fi ja. Tsofaffi suka ce alama ce ta namiji ya soma girma, waɗansu suka ce zafin rana ne. Mahaifiyarsa ta jiƙa masa sassaƙe ya sha. Bayan ƴan shekaru jinin ya ɗauke, kowa ya ce ya warke.

Amma bai warke ba. Tsargiya tsutsa ce, kuma hanyarta tana da ban mamaki. Mai ciwon yakan yi fitsari a bakin ruwa, ƙwan tsutsar su ƙyanƙyashe, ƴaƴan su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi da ke manne da ciyawar tafki. A can suke yawaita, sa'an nan su fito da rana, masu wutsiya mai baki biyu, ƙanana ƙwarai har ido ba ya ganinsu. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, su bi jini, su girma, a ƙarshe su zauna cikin jijiyoyin da suka kewaye mafitsara. Namijin bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, tamatar ta fi shi tsawo da siranta, tana kwance cikin wani kwari a jikinsa. Kowace rana takan saka ƙwai ɗaruruwa, kowane ƙwai da ƴar ƙaya a ƙarshensa. Waɗansu sukan huda bangon mafitsara su fita tare da fitsari, shi ne jinin da yara suke gani. Da yawa kuwa ba su samun hanyar fita, sai su maƙale cikin naman, su mutu a can, su sandare kamar tsakuwa. Jinin yakan ragu in yaro ya girma, amma ƙwan da suka maƙale suna nan. Mai Lambu kuwa bai taɓa rabuwa da ruwa ba. Daga tafki ya koma lambu, shekara arba'in ƙafafunsa suna cikin magudanar ban ruwa.

Ciwon ba sabo ba ne a duniya. Wani likita Bajamushe mai suna Theodor Bilharz ne ya fara ganin tsutsar, a Alƙahira, a shekarar 1851, shi ya sa takardun asibiti suke kiran ciwon da sunansa. A 1910 aka sami ƙwanta a sandare cikin ƙodar waɗansu gawawwakin Masar na zamanin Fir'auna, waɗanda suka kai shekara dubu uku. A 1911 kuma wani likita, Ferguson, da yake aiki a Alƙahira, ya rubuta labarin mutum 40 da ciwon dajin mafitsara ya kama, ya nuna cewa tsargiya tana tare da ciwon. An daɗe ana gardama a kan maganarsa. Sai a 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya, wadda take Liyon a ƙasar Faransa, ta sa wannan tsutsa cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Labarin bai kai bakin tafkin ƙauyen Mai Lambu ba.

Jinin ya komo a farkon shekarar 2022, ana tsakiyar ban ruwan albasa. Ya dube shi, ya ce tsohon abokinsa ne ya dawo. Ran kasuwa ya sayi ƙwayoyin tsargiya wurin wani mai tallan magani, ya haɗiye. Jinin ya tsaya kwana goma, ya sāke zuwa. Ya koma ga sassaƙe. Bai faɗa wa kowa ba, gama magidanci ba ya son a ji zancen fitsarinsa a bakin mata da yara. Sai ya soma tashi sau biyar, sau shida da dare, fitsarin yana fita da zafi, da wari, wani lokaci da gutsattsarin farin abu kamar dafaffen nama. Matarsa ce ta gane, wajen wanki.

"Maigida, wannan jinin na mene ne?"

"Tsargiya ce. Kin san aikin ruwa."

"Tsargiya da furfura?"

Bai amsa ba. Ita kuwa ta aika wa ƴarsu ta fari, wadda take aure a Ƙonni. Ƴar ta zo ran Lahadi bayan an tashi daga sujada, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Baba, ban zo in yi gardama da kai ba. Na riga na biya kuɗin mota." A lokacin an yi wata bakwai da fara ganin jinin.

Ba daidai ba ne a ɗora masa laifin waɗannan watanni bakwai shi kaɗai. Abin da aka koya masa tun yana yaro shi ya bi. Ƙwayar tsargiya kuwa magani ce ta gaskiya, firazikwantel ake ce mata, an samo ta a Jamus wajen shekarun 1970, kuma tana kashe tsutsar sarai. Amma tsutsa kaɗai take kashewa. In naman mafitsara ya riga ya juya ya zama wani abu dabam, ko an sha kwalba guda ba abin da za ta yi masa. Mai tallan maganin bai tambayi shekarunsa ba, bai kuma tambayi tun yaushe ba. Kuɗi ya karɓa.

A asibitin farko aka shafa masa mai a mara, aka ɗora na'urar hoton ciki, wadda ake kira eko. Aka ga ƙullutu a bangon mafitsara, aka ga kuma ƙodar hagu ta kumbura, domin ƙullutun ya danne bakin bututun da yake sauko da fitsari daga gare ta. Aka ce sai Yamai. Ya sayar da raguna biyu da rabin albasar da ya ajiye cikin rudu yana jiran tsada. A Yamai aka yi masa allura, aka zura wani siririn bututu mai fitila ta mafitsara, aka yanko ɗan nama. Aka ce ya jira.

Wannan jira ya ba shi haushi ƙwarai. A ganinsa an riga an ga ciwon, an san inda yake, me ya rage kuma? Bai san cewa ɗan naman nan yana wata doguwar tafiya ba. Akan jiƙa shi cikin ruwan formol don kada ya ruɓe, a dasa shi cikin kaki, a yanka shi sirara ƙwarai, har sai an ɗora yanka wajen 200 bisa juna kafin su kai kaurin milimita ɗaya. Sa'an nan a rina, kamar yadda ake yi a marina, da launi biyu. Jikin mutum duka an gina shi da ƙananan ƙwayoyin halitta, kamar ɗakunan saƙar zuma, kowace ƙwaya da ƙwallonta a tsakiya. Launi ɗaya yakan kama ƙwallon ya yi shuɗi, ɗayan ya kama sauran jikin ƙwayar ya yi ja-ja. Daga nan sai likitan da aikinsa ke nan ya sa a madubi, ya duba fuskar ƙwayoyin: girmansu, siffarsu, yadda suka jeru, da zurfin inda suka kai. Irin waɗannan likitoci kaɗan ne a ƙasashen Sahel, shi ya sa layin yake da tsawo.

Bayan mako huɗu takarda ta fito, da Faransanci. Ƴarsa ta yi lakwal, ta karanta masa kalmomi biyu da aka ja wa layi, karsinom epidermoyid, amma ba ta san ma'anarsu ba. Likitan da ya karɓe su saurayi ne, bai kai babban ɗan Mai Lambu shekaru ba, yana jin Hausa sosai. Ya ce, "Baba, ciwon daji ne. Ba zan ɓoye maka ba. Amma ciwon dajin mafitsara iri-iri ne, ina so ka ga naka da idonka." Ya juyo masa fuskar kwamfuta, inda aka ɗauki hoton abin da madubi ya nuna.

Dattijon ya matso, ya ƙura ido, ya daɗe. Sai ya ce, "Likita, ai wannan albasa ce."

Gaskiyarsa kuwa. A cikin hoton akwai waɗansu ƙawanyoyi ja-ja, zobe cikin zobe cikin zobe, daidai da albasar Galmi in an yanka ta a tsakiya. Likitan ya yi murmushi, ya ce su ma a makaranta da albasa aka kwatanta musu. Sa'an nan ya nuna masa waɗansu ƴan abubuwa baƙi-baƙi masu siffar ƙwai a gefen ƙawanyoyin. Ya ce, "Waɗannan kuma ƙwan tsargiya ne. Wataƙila waɗansunsu sun girme ni."

Ga yadda abin yake. Cikin mafitsara an shimfiɗe shi da wani tantani na musamman, ƙwayoyinsa hawa uku zuwa bakwai, na saman masu faɗi kamar laima, suna miƙewa in mafitsara ta cika, su tattaru in ta zube. A Turai da Amurka, cikin mutum goma masu ciwon dajin mafitsara, wajen tara daga wannan tantani ciwonsu yake tashi kai tsaye, yawancinsu tsofaffi ne, kuma taba ce babbar sanadi. Da yawa daga cikin irin wannan sukan tsaya a sama-sama, a kankare su ta bututu, mutum ya koma gida da mafitsararsa. Amma in tantanin ya sha gurzawa shekara da shekaru, ƙwai suna huda shi, ƙwayoyin cuta suna zama cikin miki, sai ya gaji ya sāke hali. Yakan mai da kansa kamar fatar waje, mai kauri, yadda tafin hannun manomi yake yin kanta saboda ƙotar fartanya. Ƙwayoyin sukan zama shimfiɗaɗɗu, su soma yin irin sinadarin da ake samu cikin farce da ƙaho da kofato. In ciwon daji ya tashi daga wannan sabuwar fata, ƙwayoyinsa ba su mance sana'arsu ba, suna ta yin sinadarin nan suna naɗe shi zobe-zobe. Albasar da Mai Lambu ya gani ke nan. Farin abin da yake fita cikin fitsarinsa kuwa, ɓawon ciwon ne yake zubowa.

A Turai irin wannan bai kai biyar cikin ɗari ba, shi ya sa littattafansu suke lissafta shi cikin waɗanda ba a cika gani ba. A ƙasashen tsargiya kuwa ba baƙo ba ne ko kaɗan. A babban asibitin ciwon daji na Alƙahira, a shekarar 1980, kashi 78 cikin ɗari na masu ciwon dajin mafitsara irin wannan ne gare su. Da Masar ta dage da yaƙin tsargiya, kafin 2005 ya sauko zuwa kashi 27. Yakan kama mutum da wuri, yana shekara arba'in da wani abu ko hamsin, lokacin da gida duka yake rataye a wuyansa. Ba ya gaggawar tsallakawa zuwa huhu ko hanta kamar waɗansu, amma yana cin bangon mafitsara zuwa ciki, ya shiga tsoka, ya kama abin da yake maƙwabtaka da ita. Yawancin masu shi ba su isa asibiti sai ya riga ya yi zurfi, domin alamarsa ta fari ita ce alamar da suka saba da ita tun suna yara.

Aka ba shi gado. A gadon da ke kusa da nasa akwai wani Alhaji, tsohon direban babbar mota, wanda ya yi shekara talatin yana bin hanyar Kwatano, kwalin taba a gaban sitiyari. Shi ma mafitsara ce, shi ma jini ne ya kawo shi. Suka shaƙu. Matan zumunta na wata ikilisiya a birnin sukan kawo wa Mai Lambu tuwo, su ci tare. In Alhaji zai yi salla, Mai Lambu ne yake riƙe masa sandar ƙarin ruwa. Amma wani abu ya tsaya wa Mai Lambu a rai. Alhaji ana sa masa magani mai tsada ta jijiya, kwana uku a jere, a huta, a sāke. Shi kuwa ba a sa masa kome ba, sai zancen wuƙa ake yi masa. Ya ce a ransa, to, abin na masu kuɗi ne.

Da likitan ya zo zagaye, sai ya fito da maganar a fili, a gaban Alhajin. "Ɗana, ciwonmu ɗaya da wannan bawan Allah. Don me shi ake ba shi ruwa, ni za a yanka ni?"

Likitan ya nemi izinin Alhaji, Alhaji ya ce a faɗa, ba abin ɓoyo tsakaninsu. Sai ya jawo kujera ya zauna, ya ce, "Baba, ƙuduji da ƙarangiya da aya-aya, duk ciyawa ce?"

"Duk ciyawa ce, amma ba a yi musu noma ɗaya. Aya-aya in ka sare kanta ka bar ƙwayar a ƙasa, aikin banza ka yi."

"To, haka nan."

Na Alhaji, in ji shi, wani iri ne da ake kira mai ƙananan ƙwayoyi, wanda bai kai ɗaya cikin ɗari ba. An fi saninsa a huhun masu shan taba, amma jifa-jifa yakan fito a mafitsara. A madubi ba zobe, ba tsari, ba kome, sai ƙananan ƙwayoyi shuɗɗa cunkus kamar gero a ƙwarya, ƙwallon ya cinye kusan dukan jikin ƙwayar, suna matse juna har wannan ya ɗauki siffar gefen wancan, ko'ina ka duba kuwa za ka ga waɗansu suna tsagewa biyu. Saurin haihuwarsu shi ne muguntarsu, gama tun ƙullutun yana ƙarami sun riga sun bi jini zuwa kaluluwa da hanta da ƙashi. Wuƙa ba ta kamo abin da ya riga ya bar gida. Amma saurin nan shi ne kuma rauninsu, domin maganin da ake sawa ta jijiya ƙwayoyin da suke cikin tsagewa yake kashewa. Shi ya sa ake fara wa mai irin wannan da magani. Na Mai Lambu kuwa mai nauyin jiki ne, ba ya jin maganin sosai, gashi ma ba ya cika kashe shi shi kaɗai, amma yana nan wuri ɗaya tukuna. Ƴarsa ta tambaya ko ba za a gwada gashin ba, tun da an buɗe wurin yinsa a Yamai a 2021. Likitan ya ce na'urar tana taimakon mutane da yawa, amma ga irin na mahaifinta, cirewa ce ta fi ba da bege.

Alhaji ya ce, "Ashe ni ne nawa ya fi muni." Likitan bai ce a'a ba.

Mai Lambu mutum ne mai son sanin ƙarshen magana. Ya tambaya ko iri biyun nan ke nan. Likitan ya ce akwai sauran, kowannensu ba a cika ganinsa ba, kowannensu kuma mugu ne ta hanyarsa. Akwai wanda likitocin Hustan ta Amurka suka bayyana a 1994, wanda ƙwayoyinsa suke taruwa curi-curi, kowane curi yana zaune cikin ɗan rami kamar ƴaƴan dara a gurabensu. Ko kaɗan ne aka gani cikin yankan, sai an ɗauki ciwon da muhimmanci, gama yana saurin shiga hanyoyin kaluluwa. Akwai wanda ƙwayoyinsa suke miƙewa su yi tsini biyu kamar mazari, ya girma da sauri ya cika mafitsara. Akwai kuma kura da fatar akuya: ƙwayoyinsa suna zaune cikin ƴan sheƙuna masu kyan gani, fuskarsu lafiya lau, har in yankan bai yi zurfi ba gwani ma yana iya cewa ba kome, alhali a ƙasa ya riga ya shiga tsoka.

Wanda ya fi ba likitan tsoro shi ne wanda ƙwayoyinsa suka rabu da juna. Ƙwayoyin tantani lafiyayyu suna da wani abu kamar danƙo da yake manne kowace da ƴar'uwarta. A cikin wannan iri danƙon ya ɓace. A 2016 masu bincike a birnin Niyok suka nuna cewa a yawancin masu shi, umarnin yin danƙon ne ya lalace a cikin ƙwallon ƙwayar. Sai kowace ta kama gabanta, ƙwallonta a ture gefe guda, suna ratsa nama ɗai-ɗai ko a jerin gwano. Sau da yawa ba ya yin ƙullutun da hoto zai nuna sosai. Bangon mafitsara ne kawai yake yin kauri ya ƙage kamar ƙirgi, ƙwayoyin kuwa suna bin tantanin da ya lulluɓe hanji. Likita yakan buɗe ciki yana tsammanin abu kaɗan, ya tarar an riga shi nisa.

Dattijon ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, na gode wa Allah da albasata."

Amma godiyar ba ta sa ya yarda da aikin nan da nan ba. Da aka bayyana masa abin da za a yi, sai jikinsa ya mutu. Za a cire mafitsara duka. Za a yanko ɗan guntun hanji, a haɗa masa bututun ƙoda biyu, a fito da bakinsa ta gefen dama na ciki, fitsari ya riƙa zuba cikin wata jakar roba da ake mannawa a fata, dare da rana, har iyakar ransa. Ba zafin wuƙa ya tsorata shi ba. Abin da ya tsaya masa shi ne bencin gaba na majami'a, inda dattawa suke zama kafaɗa da kafaɗa cikin zafin Afrilu. Ya ga kansa a zaune, na kusa da shi yana kau da hanci a hankali don kada ya ji kunya. Ya ce gara ya koma gida ya mutu da mutuncinsa.

Kwana biyu ba wanda ya iya da shi. Ƴarsa ta yi kuka, bai motsa ba. Likitan ya gaya masa gaskiya, bai ƙara gishiri ba: ko an yi aikin ba a ɗaukar alkawari. A Mansura ta ƙasar Masar, inda likita Muhammad Ghoneim da abokan aikinsa suka ƙware a wannan aiki, sun ba da labarin mutum 1,026 a shekarar 1997, kusan rabinsu ne suka kai shekara biyar. In ba a yi ba kuwa, ƙodar dama ma za ta toshe, kuma ƙarshen ba mai sauƙi ba ne. Wannan ma bai juya shi ba.

Alhaji ne ya juya shi, da dare, bayan an rage fitilu. Gashin kansa ya riga ya zube saboda magani, muryarsa ta dushe. Ya ce, "Maƙwabci, kana ji na? Ni da za a ce mini ga wuri ɗaya da za a yanke a huta, da rarrafe zan tafi ɗakin aikin. Jaka goma ma a rataya mini. Kai an ba ka ƙofa kana duban fentinta."

Da safe ya ce a kira masa matarsa a waya. Ya gaya mata zancen jakar, yana kewaye-kewaye. Ta ce, "Maigida, na wanke zanen ƴaƴa takwas. Jaka ce za ta gagare ni?" Ya sa hannu a takarda.

An yi aikin cikin watan Nuwamba na 2022, ya ɗauki kusan yini guda. Aka sāke kai abin da aka cire wurin madubi. Ciwon ya ratsa tsoka, amma kaluluwar da aka ciro duka ba kome a cikinsu. Sa'ad da aka sallame shi, Alhaji ya rako shi har bakin ƙofar ɗakin, yana dafe da bango. Nasa ciwon ya narke da fari kamar an share, har ya koma gida ya yi azumi cikin iyalinsa. Bayan wata tara ya dawo a hanta. Ɗansa ne ya bugo waya ya faɗi rasuwar, ya ce mahaifinsu ya bar wasiyya a sanar da mai albasa.

Zama da jakar ba wasa ba ne, kada kowa ya ce wasa ne. Tana da tsada, ba a samunta a kantin magani na ƙauye, sai an aika birni. Da zafi gumi yakan ɓamɓare ta, fatar wurin ta yi ja ta yi ƙaiƙayi. Sau ɗaya ta zube masa a kasuwa, ya dawo gida bai yi magana da kowa ba har washegari. Ya yi wata uku yana zama a bencin baya kusa da ƙofa. Ran nan sai wani tsoho sa'ansa, wanda suka yi wanka a tafki ɗaya suna yara, ya taso daga gaba da sandarsa ya zo ya zauna kusa da shi. Mako na biyu suka zama su uku. Da dattawan suka yi yawa a baya, sai shi da kansa ya ce su tashi su koma wurinsu, kada yara su rasa benci.

Wannan tsohon ne ya same shi daga baya a lambu, ya yi ta zancen farashin taki, sa'an nan ya rage murya ya ce shi ma ya ga ɗan ja-ja sau biyu. Mai Lambu ya ce, "Kada ka bi ta kasuwa. Jibi akwai mota." Nasa da aka duba, tsakuwa ce a mafitsara, aka cire ya dawo.

Tun shekarar 2004 Nijar ta soma rabon maganin tsargiya ga ƴan makaranta. Akan tsai da yaro jikin wani sanda mai zane-zane, tsawonsa ya nuna ƙwaya nawa zai sha. A dā in an zo rabon, Mai Lambu yakan aiki jikokinsa lambu, ya ce maganin yana sa su jiri, aiki kuwa ba ya jira. Yanzu shi yake kai su da kansa, ya tabbata sun ci tuwo tukuna, ya tsaya har ya ga maƙogwaro ya motsa. Tafkin dai yana nan, yara kuma ba su daina faɗawa ba, gama ba wani wurin da za su yi wanka in rana ta take. Shi ma bai bar lambu ba, sai dai ya sayi takalmin roba mai tsawo har gwiwa, samari suna yi masa dariya.

Likitan ya ce masa sai an ƙirga shekara biyar kafin a saki jiki, kuma kowane wata shida ya zo a duba ƙoda da ciki. Shi ba ya ƙirga da kalanda, da cirar albasa yake ƙirgawa. Ya riga ya cire uku. Takardar asibitin mai kalmomi biyun nan tana cikin wata leda a ƙarƙashin katifarsa, tare da takardar gona, ranar komawa Yamai kuma ƴarsa ta rubuta masa da alli a bayan ƙofa.